Kwat Biyu da Sunan Aro

A shekararmu ta shida a garin Woodbridge na jihar Virginia aka kawo mini ɗinkin da ban taɓa yin irinsa ba. Muna zaune a ɗakin ƙasa na wani gida, irin wanda ake kira besmen, ni da maigidana. 'Ya'yanmu mata biyu suna zangon Kumasi wajen mahaifiyata. Ɗinki na koya tun ina budurwa, shi na ci gaba da yi a nan: rage tsawon wando da canza zif daga wani shagon wankin kaya, sai kayan Salla da na suna na matanmu. Keken ɗinki ɗaya gare ni da tebur ɗaya, da 'yar taga wadda ba na ganin komai ta cikinta sai tayoyin mota da ƙafafun masu wucewa.

Mai shagon wankin ce ta turo mini wata dattijuwar Baturiya, malamar makaranta da ta yi ritaya. Ta sauko matakalarmu da jaka cike da yadi da zane-zane a takarda. Ta ce suna da ƙungiya, duk shekara suna yin wasan kwaikwayo a zauren wata coci. Ba sana'arsu ba ce. Akwai likitan haƙori a cikinsu, akwai mai raba wasiƙu, akwai matan gida. Wasan nasu rabi magana ne rabi waƙa, na soyayya da barkwanci, suna ce masa ofereta. Matar da ta saba ɗinka musu kaya idonta ya yi rauni. Riguna goma sha ɗaya take so, amma abin da ya fi damunta kwat biyu ne na maza.

"Su yi kama, amma kada su zama iri ɗaya," in ji ta. "Wasan duka a kansu ya tsaya."

Na ce ban gane ba. Sai ta ajiye jakar, ta tsaya a tsakiyar ɗakinmu, kanta ya kusa taɓa silin, ta yi mini wasan ita kaɗai, tana sauya murya.

Wai a wani gari na zamanin da, magajin garin yana da 'ya ɗaya, yana kuma da wani ƙaton agogo a hasumiyar gidansa wanda ya tsaya shekara da shekaru. Wani ɗan attajiri daga birni ya daɗe yana rubuto wa 'yar wasiƙun neman aure, ba su taɓa ganin juna ba. Aka aika masa ya zo a gan shi, aka kuma aika a kira mai gyaran agogo, duk rana ɗaya. Su biyun suka shigo keken doki ɗaya. Ruwa ya dake su a hanya, suka raɓe a wani masauki, suka rataye kwat-kwat ɗinsu kusa da murhu. Da za a tashi, cikin gaggawa, kowa ya zura na ɗan'uwansa. Na ɗan attajirin maɓallansa na zinariya ne, da wasiƙar gayyata a aljihu. Na mai agogon maɓallan ƙashi ne, aljihunsa cike da ƙananan ƙarafa.

Suna isa, magajin gari ya dubi maɓalli bai dubi fuska ba. Ya rungume mai gyaran agogo, ya sa aka yanka masa agwagwa. Ɗan attajirin kuwa tsani aka miƙa masa aka ce ya hau hasumiya. Duk ihun da ya yi cewa shi wane ne ɗan wane, dariya aka yi masa. Ita ma 'yar gidan ba ta zauna ba. Tana so ta ga halin manemin nata ba tare da ya san ita ce ba, sai ta yi musayar kaya da 'yar aikinta. Shi ke nan mai agogo ya kamu da son 'yar aiki, yana murna ya samu daidai da shi, bai san 'yar magajin gari ce ba. Ita kuma ta kamu da son wanda take zaton ɗan attajiri ne, tana mamakin yadda mai wasiƙun alfahari ya zama mai kunya haka. Kowannensu yana so ya faɗi gaskiya, kowannensu yana tsoron a guje shi, to a nan ne waƙoƙin suke. Can sama kuma ɗan attajirin na gaskiya yana ta kwance agogon da bai san kansa ba, ƙusoshi suna zubowa a kan mutane, 'yar aikin da ta sha siliki tana hawa tsani tana kai masa burodi don tausayi. A ƙarshe agogon ya buga sha uku da tsakar rana, garin ya taru, asiri ya tonu, aka ɗaura aure biyu.

Ta gama tana haki. Na yi dariya har na share hawaye da bakin mayafi, na karɓi aikin.

Da maigidana ya dawo bayan magariba na ba shi labarin yana cin tuwo. Mutum ne dogo, marar yawan magana, amma ranar ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa sai ya ce, "To ai ni ma wasan nake yi kullum. Waƙar ce kawai ban iya ba."

Abin da yake nufi shi ne, ba mu da takardun zama. Ɗan baffansa, wanda ya riga mu zuwa da shekaru da yawa, yana da girin kad, wato katin izinin zama da aiki, yana tuƙa babbar mota daga jiha zuwa jiha. Da takardunsa maigidana ya samu aiki a wani garejin ajiye motoci, ƙarƙashin wani dogon ginin ofisoshin gwamnati a unguwar Southwest. Ba wani baƙon abu ba ne a cikinmu. Sun ɗan yi kama, su ma masu ɗaukar aikin ba su tsaya duba hoto da kyau ba. Kullum yakan fita bayan sallar asuba da kokonsa a filas, ya kama jirgin ƙasa zuwa cikin birni, ya rataya kati a wuya mai ɗauke da sunan ɗan baffansa. Ya ce a watannin farko sai a kira shi sau uku bai waiga ba, har abokan aikinsa suka ɗauka kunnensa ne ba ya ji sosai. Bai gyara musu ba.

Yakan yi ciwon kai. Ya daɗe yana yi, a ƙeya, musamman da yamma. In na ce ya je asibiti sai ya ce, "Da wane sunan?" In ya je da nasa, ba shi da komai da zai nuna. In ya je da na ɗan baffansa, ya shiga takardun jinyar mutum. Sai ya sayi ƙwayar ciwon kai a kanti, ya riƙa tauna tafarnuwa, don wani ya gaya masa tana sauke jini.

Duk ranar Asabar malamar takan zo ta ɗauke ni a motarta zuwa zauren cocin, in yi awo in gwada musu kaya suna gwajin wasa. Likitan haƙorin ne mai gyaran agogo, mai raba wasiƙun ne ɗan attajiri. Akwai wata tsohuwa a kan piyano wadda ba ta yafe kuskure, da an kauce sai ta buga murfin ta ce a koma farko. Ina tsugune da fil a baki ina kalmasa bakin siket, su kuma suna waƙa a kaina. Ban cika gane kalmomin ba, amma karin ya shige ni, har nakan tsinci kaina ina yin sa ina wanke-wanke. Kafaɗar maigidana ɗaya da ta likitan haƙorin, saboda haka a gida shi nake sa wa kwat mai maɓallan zinariya in daidaita hannu. Yakan tsaya ya buɗe hannuwa kamar mai shanya, yana cewa in yi a hankali kada in soke ɗan attajiri.

Wata ranar Talata ce, lokacin ganye ya gama zuba, sanyi ya fara. Na idar da sallar azahar ke nan ina haɗa hannun kwat na biyu, sai wayata ta yi ƙara. Matar ɗan baffan maigidana ce, wadda nake kira Yaya. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Muryarta ta dishe kamar wadda ta kwana tana kuka.

"Sa hijabinki ki fito bakin titi. Ga ni nan zuwa."

"Yaya, lafiya?"

"Ki fito dai."

A mota ta gaya mini. Ana cikin aiki aka kira ta daga wani asibiti a birni, aka ambaci sunan mijinta, aka ce ya faɗi a wurin aiki, jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, ta zo maza. Ta zube a ƙasa tana ihu, abokan aikinta suka riƙe ta. Can wata ta ce ta kira wayarsa. Ta kira, sai ga mijinta ya ɗauka daga wata tashar manyan motoci a wata jiha mai nisa, yana tauna abinci, yana tambayarta me ya faru. A nan ta gane ko wane ne ya faɗi.

Ta ce, "Wallahi na yi hamdala kafin in tuna da ke. Ki yafe mini."

Babbar hanya ta 95 ta cushe kamar kullum, muna tafiya muna tsayawa. Ina kallon jan fitilun motocin da ke gabanmu ina jan carbi, ban san abin da nake karantawa ba. Da muka kusa ƙetare kogi sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"In mun je, ni ce matarsa. Haka yake a takarda. Ke ƙanwata ce. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

Yana ɗakin masu jinya ta musamman, da bututu a bakinsa, na'ura tana yi masa numfashi. An aske gefen kansa. A hannunsa an ɗaura wata munduwar roba da suna a jiki, a ƙofar ma an rubuta sunan. Likita ya zo ya kama hannun Yaya yana yi mata bayani a hankali, yana kiran ta matar majinyacin. Ni ina tsaye a bayanta riƙe da jakarta. Da ya ce yana da tambayoyi game da lafiyar mijinta, ko yana shan magani, ko ya taɓa kukan ciwon kai, sai ta juyo ta tambaye ni da Hausa, in amsa, ta mayar da Turanci. Likitan ya ɗauka shawara muke yi irin ta 'yan'uwa.

Haka muka yi kwana bakwai. Yaya takan kai ni da safe ta wuce aiki, ta dawo da yamma. In likitoci sun zo zagaye sai su tambaye ni yaushe matarsa za ta zo, su ce za su jira ta. Mijin nata ya kira ni sau biyu daga hanya. Ya ce in yi haƙuri, in kama bakina, ɗan'uwansa mai ƙarfi ne, zai tashi, in ya tashi sai a sallame shi maganar ta wuce. Na yi imani shi ma abin da yake fata ke nan. Yana son sa, tare suka tashi a gida ɗaya.

Akwai wata nas a ɗakin, 'yar Jos, Kirista, da ɗan gicciye a wuyanta. Rana ta biyu ta ji ina yi masa magana a kunne, sai ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Ya mai jiki?" Na ɗago a firgice, don ban zaci jin Hausa a wurin ba. Daga nan kullum sai ta kawo mini shayi, ta nuna mini wani ɗaki da zan yi salla. Rana ta biyar tana juya shi ina taya ta, sai ta ja labule ta rage murya.

"Ni ba 'yar sanda ba ce, kin ji. Amma mai sunan nan ya taɓa kwanciya a wajenmu. Takardarsa ta ce yana da ciwon suga, an kuma taɓa yi masa aiki a ciki. Ni nake wanke mutumin nan. Babu tabo a cikinsa."

Na sunkuyar da kai.

"Kuma ƙanwar mata ba ta share wa mijin yayarta baki yadda kike yi," in ji ta. "Ba zan tilasta miki ba. Amma da takardar nan muke auna abin da muke ba shi. Ki yi tunani."

Na yi tunanin, amma tsoro ya fi ƙarfina. Ina ganin in na buɗe baki za a kama ɗan baffansa, a kama ni, a mayar da ni Kumasi in bar shi kwance a nan. Har yau ban sani ba ko kwana ukun da na ƙara ina shiru sun cuce shi. Na tambayi nas ɗin daga baya, ta ce a'a, ɓarnar ta riga ta faru tun a gareji. Wataƙila gaskiya ta faɗa, wataƙila lallashi ne.

Rana ta takwas aka kira iyali wani ƙaramin ɗaki mai kujeru masu laushi da kwalin takardar share hawaye a tebur. Likitoci biyu ne. Suka nuna hoton kansa, suka ce ƙwaƙwalwar ta kumbura, ba ya jin komai, ba zai farka ba, na'urar ce kawai take riƙe da shi. Suka ce shawara tana hannun matarsa. Aka tura wa Yaya takarda da biro.

Ta ɗauki biron. Sai ta ajiye, ta tashi ta fita. Na bi ta, na same ta a bayi ta dafa wurin wanke hannu.

"Ba zan iya ba," in ji ta. "Ba mijina ba ne. Yaya zan sa hannu a cire wa mijin wata numfashi? Me zan gaya wa Allah? Me zan gaya wa 'ya'yanki?"

"To Yaya, ya za mu yi?"

"Ban sani ba. Ki bari Alhaji ya dawo, gobe zai iso."

Alhaji mijinta take nufi. Ban jira shi ba. Na fito na nemi nas ɗin, na same ta tana rubutu a tebur. Na ce, "Sista, mijina ne." Na faɗa mata sunansa na yanka da sunan mahaifinsa. Ta ajiye biro ta ce, "Na sani. Zauna." Ta je ta zo da wata mata mai kula da matsalolin iyalan majinyata. Matar ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma nuna mamaki ba. Ta ce ba ni ce ta farko ba. Ta ce aikinsu jinya ne, amma dole a gyara takardu, dole kuma wurin aikinsa su sani, tunda ta can sunan ya shigo. Ta ce in kawo duk abin da ke nuna ko shi wane ne. Washegari na kawo tsohon fasfonsa na Gana da ya daɗe da ƙarewa, da takardar aurenmu, da hoton ranar sunan 'yarmu ta fari.

Ranar Alhaji ya iso. Dattawanmu suka taru bayan la'asar a masallacinmu, wani shago ne da muka kama haya muka shimfiɗa darduma. Aka kira ni, na zauna bayan labulen mata, Yaya a gefena. Alhaji ya fara magana. Ya ce shi taimako ya yi, ya ba ɗan'uwansa sunansa don ya ci abinci, yanzu ga sakayyar da aka yi masa. Ya ce shekara ashirin yana kiyaye takardunsa, mace ta rushe su cikin minti biyar ba tare da ta jira shi ba. Wasu suka goyi bayansa. Wani ya ce ai da an yi shawara da maza tukuna.

Liman ya bari kowa ya gama. Tsoho ne ɗan Accra, ba ya gaggawa. Ya ce, "Alhaji, tambaya ɗaya zan yi maka. In Allah Ya karɓi ran ɗan'uwanka da sunanka a hannunsa, wa za a rubuta ya mutu?"

Sai ya amsa da kansa:

"Kai za a rubuta. Lasisinka ya mutu, katinka ya mutu, matarka ta zama gwauruwa a takarda kana zaune da ranka. Mu kuma wa za mu sallata? Wane suna za mu aika gida? Yarinyar nan ba ta cuce ka ba."

Na ji motsin tashin Alhaji, na ji ƙofa. Ina jin bai taɓa kai tunaninsa can ba, don bai yarda ɗan'uwansa zai mutu ba.

Rana ta goma da safe nas ɗin ta zo da almakashi da sabuwar munduwa. Ta ce in duba harafi ɗaya-ɗaya ko an rubuta daidai. An yi kuskure a sunan mahaifinsa, ta koma aka sake bugawa. Ta yanke tsohuwar ta jefa a kwando, ta miƙo mini sabuwar ta ce in ɗaura masa da kaina. Likitan da ya yi kwana tara yana wuce ni ya zo ya tsaya a gabana, ya ba ni haƙuri, ya maimaita mini duk bayanin tun daga farko kamar ban taɓa ji ba. Na saurara har ƙarshe. Na kira mahaifiyarsa a Kumasi, na kira liman na tambaye shi hukunci. Washegari, ranar Juma'a, na sa hannu. Liman da mutum biyu suna karanta Yasin, ni ina riƙe da ƙafarsa, don nan ne babu waya ko bututu. Bai daɗe ba bayan an kashe na'urar.

Takardu suka riƙe mu kwana uku kafin a ba da shi. Aka binne shi a maƙabartar Musulmi a Virginia. An ce mini Alhaji ya je, ya tsaya a sahun baya, ya zuba ƙasa, ya tafi. Bai zo gaisuwa ba. Yaya ta zo ranar uku da tukunyar wake da shinkafa, ta zauna kaɗan ta tafi. Ba wanda ya zo kama ni. Shi Alhaji wasiƙu suka fara zuwar masa, ya ɗauki lauya, aka daɗe ana abu ɗaya. Ba a kore shi ba, amma ya sha wuya, daga baya suka tattara suka koma wata jiha.

Na shiga takaba a besmen ɗin. Asabar uku ban je gwaji ba, ban kuma ɗauki waya ba, sai ga malamar ta sauko matakala da kanta. Mai shagon wanki ta gaya mata. Ta zo da faranti na taliya da cuku, ta tsaya ba ta san inda za ta ajiye ba. Ban gaya mata maganar suna ba, na ce hawan jini ne. Ta ga kayan wasan a tare a kan tebur, ta ce in bar su, za su nemi wata. Na ce a'a, zan gama. Ba don alkawari ba ne. Wata huɗu da kwana goma a ɗakin da ba ka ganin sama, in hannu ba ya aiki kai zai iya taɓuwa. Na gama rigunan, na gama kwat ɗin mai maɓallan ƙashi. Mai maɓallan zinariyar na bari ƙarshe, na ɗinka shafinsa da hannu don in ja lokaci. Tunda ba na fita, ita take zuwa ta karɓa ta kai su gwada, ta dawo mini da gyara a rubuce.

An yi wasan ina cikin takaba. Ta kawo mini faifan bidiyonsa da wata takarda da dukansu suka sa hannu. Na daɗe ban kalla ba. Wata ranar Lahadi da rana na saka. Kayan sun zauna da kyau, sai siket ɗaya da ya ɗan ja ƙasa. Mutane suna ta dariya a zauren tun daga wurin murhu. Na kalla har inda agogo ya buga sha uku. Mai agogon ya durƙusa ya faɗi ko shi wane ne, 'yar gidan ta cire ɗankwalin 'yar aiki, magajin gari ya kumbura ya yi ja kamar zai fashe. Sai piyano ya sauya kari, ya buɗe hannuwa ya yafe wa kowa cikin baiti ɗaya, aka kama rawa. Daga faɗin gaskiya zuwa yafiya ko minti biyu ba a yi ba. Na kashe kafin su gama. Ba haushinsu na ji ba, mutanen kirki ne, wasa suka yi. Shekarar da ta biyo ta sake nemana, na ce aiki ya yi mini yawa.

Bayan takaba na bar Woodbridge na koma garin Clinton, wajen wata 'yar garinmu mai shagon kayan abincin gida, na kafa kekena a bayan shagon. 'Ya'yana sun girma a waya. Ta farin ta yi aure ban je ba, don in na fita ba dawowa.

Bayan wajen shekara bakwai na haɗu da Yaya a wani taron suna. Ta zo daga jiharsu, mai jegon 'yar ƙawarta ce. A kicin muka yi kiciɓis, an sa mu zuba shinkafa a robobi. Ta rame, furfura ta fito mata a goshi. Muka gaisa kamar yadda ake gaisawa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi Alhaji. Ta ce bayansa ya lalace, ya bar tuƙi, yana gida, sugan ma ya taɓa masa ido. Na ce Allah Ya ba shi lafiya. Muka ci gaba da aiki, ita tana zuba shinkafa, ni ina sa nama ina rufewa. Can ta ce, ba ta ɗago ba:

"Yana yi masa sadaka duk Juma'a. Bai taɓa fashi ba."

Na ce, "Allah Ya karɓa."

"Amma kada ki ce na gaya miki."

Da za a watse ta karɓi lambata, na karɓi tata. Ta ce in ta isa gida za ta kira. Ba ta kira ba, ni ma ban kira ba.